Daga kukan farko zuwa tatata: jagorar shekarar farko ga mai haihuwar fari

Ranar da kika dawo gida da jaririnki, ɗaki zai cika maƙil. Gwaggo tana nan, inna tana nan, 'yan barka suna ta sallama, kuma kowa da abin da zai ce a yi wa yaro. Wannan ta ce a ɗura masa ruwa, waccan ta ce a gasa cibiya, wata ta ce a aika a kira wanzami tun kafin beli ya sauko. Don ƙauna suke faɗa, kuma da yawa cikin abin da suka sani gaskiya ne, ai su suka raine mu. Sai dai ke ce za ki kwana da shi. Ke ce za ki fara jin numfashinsa ya canza da ƙarfe ukun dare, lokacin da gida ya yi tsit.

Shi ya sa na rubuto miki wannan, ƙanwata, kuma ina so ki miƙa wa maigidanki ya karanta. Yawancin abin da ke firgita mai haihuwar fari lafiya ce ƙalau. 'Yan abubuwan da ke ɗauke jarirai kuwa a hankali suke shigowa, cikin kamannin abin da za a ce "a bari zuwa safe". In kin iya raba waɗannan biyun, kin sauke rabin nauyin goyo. Zan riƙa cewa "shi", amma duk abin da na faɗa har da 'ya mace.

Awar farko

Da ya faɗo ya yi kuka, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe ku tare. Jariri yana saurin ɗaukar sanyi ko da a tsakiyar bazara ne, domin a jiƙe ya fito daga ɗumin ciki. Kada a yi gaggawar wanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi har awa 24. Farin maiƙon nan da ake dirjewa da soso wai don kada yaro ya yi wari in ya girma, kariya ce ga fatarsa, kuma da kansa zai shige.

Cikin wannan awar a sa shi a nono. Dakashi, wato ruwan farko mai kauri mai ɗan rawaya, shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar. Za a ce miki ai nono bai kawo ba, a ba shi ruwa ko madara kafin ya zo. Cikinsa a ranar farko bai fi ɗan magarya girma ba, abin da cokalin shayi zai ɗauka ya ishe shi a sha ɗaya. Tsotson da yake yi shi ke kiran nonon, shi ne kuma ke sa mahaifarki ta tsuke, jini ya ragu.

Mahaifinsa ko kakansa ya yi masa kiran sallah a kunne. In za a yi masa dabino, ɗan lasa kawai a dasashi, da hannun da aka wanke da sabulu. Zuma kam a'a, har sai ya cika shekara, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙa, ta shanye masa jiki. In an kawo ruwan addu'a, ki karɓa da godiya, ki sha da kanki ko a shafa masa, ba a ɗura ba.

Kafin ku bar asibiti a auna nauyinsa, a yi masa allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan-inna. Ta ciwon hantar ta fi amfani cikin awa 24 na farko. Ko a gida kika haihu, a kai shi a ranar. In bai kai kilo 2.5 ba, ki ce a koya miki yadda ake ɗaure shi a ƙirji tsakanin nonuwa dare da rana. Ɗumin jikinki ya fi masa kowane bargo.

Shayarwa, da maganar kunya

Shayarwa koyo ce, ke da shi duka. Ki zauna ki jingina bayanki. Cikinsa ya fuskanci cikinki, kansa da jikinsa a miƙe, ba wuya a murɗe ba. Ki taɓa leɓensa na sama da kan nono, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi zuwa gare ki, kada ki sunkuya ki kai masa. In ya kama daidai, haɓarsa za ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa, ki riƙa jin yana haɗiya. In kan nonon kawai ya cafke, za ki ji zafi har ya tsage. Sai ki zura ƙaramin yatsanki ta gefen bakinsa ya saki, ki sake gwadawa. Sau goma ma ki sake, ba komai.

A makonnin farko zai sha sau 8 zuwa 12 a dare da yini. Kada ki jira kuka. In ya fara juya kai, yana tsotsar hannu, lokaci ya yi. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, domin nonon ƙarshe shi ne mai maiƙo, shi ke sa ƙiba. Wajen kwana na uku ko na huɗu nono zai cika ya yi tauri. Ki ɗora tsumma mai ɗumi, ki ɗan tatse da hannu ya yi laushi, ki ci gaba da ba shi.

Yadda za ki san yana ƙoshi: daga kwana na biyar ya jiƙa nafkin aƙalla sau shida a rana, fitsarin ba ja ba, kashi kuma ya sauya daga baƙin nan mai danƙo na kwanakin farko zuwa rawaya mai ruwa-ruwa. Kusan kowane jariri yakan ɗan rame a makon farko, ya maido nauyin haihuwarsa wajen mako biyu. Wannan shi ne ma'auninki, ba maganar mai cewa nononki ya tsinke ko ba shi da kyau ba.

Ruwa fa? Nan ne za a fi matsa miki, musamman in zafin Afrilu ya kankama irin na Sakkwato ko Maiduguri. Za a ce alhaki ne, ɗan Adam ba ya rayuwa ba ruwa. Gaskiya ne, kuma ruwan yana cikin nono: kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, tatacce, ba ƙwayar cuta. Ruwan randa yana cike ɗan cikin nan ya hana shi shan abin da zai gina shi, yana kuma kawo gudawa. Ke ki sha ruwa da yawa, ki ƙara masa yawan nono. Haka har wata shida cur: ba ruwa, ba jiƙo, ba koko.

Sai kunyar ɗan fari. Al'ada ce mai kyau a wurinta, ba na so ta ɓace. Kada ki kira sunansa, kada ki yi masa wasa a gaban surukai, duk na yarda. Amma na ga mai jegon da ta bar jaririnta yana tsala kuka daga hantsi har azahar, saboda ɗaki cike da baƙi, tana jin nauyin a ce ta ɗauki ɗanta. Kada ki yi haka. Ki juya baya, ki yafa mayafi, ko ki shiga ƙurya da shi. Ki sami babba ɗaya a gidan, yaya ko gwaggo, wadda za ta riƙa cewa "a ba ta yaron ya sha", ta ɗauke miki nauyin bakin.

Cibiya

A asibiti ko kemis ki nemi man cibiya na kuloheksidin. Ki wanke hannu, ki shafa a kan cibiyar da gindinta sau ɗaya a rana, ki naɗe bakin nafkin ƙasa da ita don ta sha iska. Na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Ban da man goge baki, ban da toka, gishiri, ƙasa ko kashin dabba, ban da gashi da tsumma ko kaskon wuta. Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa jinin yaro, ta nan cutar sarƙe-haƙora ke shiga, kuma jaririn da ta kama da wuya ya tashi. Za ta bushe ta faɗi tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, kada a ja ta don a ce ta faɗi kafin suna. In gindinta ya yi ja, ko tana ruwa mai wari, asibiti a ranar.

Abin da za ki kwantar da hankali a kai, da abin da ba a kwana da shi

Atishawa, shaƙuwa, ɗan tumbuɗi bayan shan nono, saɓar fata, ƙananan ƙuraje farare a hanci, firgita cikin barci, duk ba ciwo ba ne. Nonon jariri, mace ko namiji, yakan kumbura har ya fitar da ɗan ruwa. Kada a matse, matsar ce ke sa ya yi ƙurji. 'Ya mace takan ga ɗan jini ko farin ruwa a gabanta a makon farko, zai tsaya. Maɗiga tana bugawa, haka Allah ya yi ta, ba a shafa mata komai, za ta rufe da kanta wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Waɗannan kuwa, ko ɗaya kika gani, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne:

- ya ƙi kama nono, ko ya daina bayan da yana sha;
- jijjiga, ko ƙiftawar ido da motsin baki da ba su tsayawa;
- numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya yana kwance lafiya (ki ƙirga da agogon waya, minti guda cikakke), ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa sosai in ya ja iska;
- zafin jiki 37.5 ko sama, ko sanyi ƙasa da 35.5;
- ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi;
- amai kore, ko ciki ya kumbura ya yi tauri;
- ido yana fitar da ruwan ƙurji.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki tun kafin haihuwa, bayan hannu yana ruɗi. Kuma jaririn da bai kai wata uku ba, in ya yi zazzaɓi, ba a saya masa magani a kemis a zauna.

Ciwon shawara, wato rawayar ido da fata, ita ce na fi so ki sa wa ido, domin an fi raina ta. Kullum da safe ki fito da shi haske, ki duba farin idonsa, ki danna hancinsa da yatsa ki ga launin fatar. Jarirai da yawa sukan ɗan yi rawaya a kwana na biyu zuwa na huɗu ta wuce, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi ko mai wucewa ce. In ta fito a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko yaro ya yi nauyin barci ya rage shan nono, gaggawa ce. Shanya shi a hantsi ba magani ba ne, ruwan gulukos ma haka. A asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da shi ƙarƙashinta. Na san yaron da aka yi ta shanyawa kwana da kwanaki ana jiran ta baje. Ya rayu, amma har yau ba ya ji, wuyansa kuma bai tsaya da wuri ba. In ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ki kuma raba kayansa da kafur ɗin da ake jefawa cikin akwati, kada a sa masa lalle ko man zafi mai mantoli. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, da aka haifa da wani rauni a jini wanda waɗannan ke fasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta taso.

Ko ba abin da ya faru, ku koma a duba ku ke da shi a kwana na uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako shida.

Ranar suna

A raɗa suna, a yanka rago, a yi aski, a yi sadaka, a ci a sha. Abin da zan roƙa kaɗan ne. Askin a yi shi da sabuwar reza da aka ɓare a gabanku. Masu ɗaukar yaro su wanke hannu, mai mura ya yi barka daga nesa, kada a sumbace shi a baki. Turaren wuta a kai shi tsakar gida. Kwalli kuma a haƙura da shi, domin yawancin na dutse yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali.

Cire beli, tsaga, da yankan da ake yi wa 'ya mace a gaba da sunan cire angurya, waɗannan kada a yi. Beli halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya hana shan nono, ba ya toshe maƙogwaro. Abin da ke biyo bayan cire shi shi ne zubar jini, sarƙe-haƙora da ƙin nono saboda ciwo. Yankan 'ya mace kuwa dokar tarayya ta 2015 ta haramta shi.

Maigida, wannan yaƙinka ne, ba nata ba. Mai jego ba za ta iya musu da mahaifiyarka ba, bai ma kamata a sa ta ba. Kai za ka sami Hajiya tun ciki yana wata takwas, ka zauna ka yi mata bayani cikin ladabi, ka sallami wanzami da hakkinsa na aski cikin mutunci. In aka bari sai ranar, an makara. Kai ne kuma za ka je a yi wa yaro rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, waɗanda galibi suna da tebur a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Doka ta ce cikin kwana 60. Ka ajiye kuɗin mota da lambar mai adaidaita sahu ɗaya da zai ɗauki wayarka da dare.

Ke kanki, mai jego

Zaman arba'in gata ne, ki more shi. Ki bari a yi miki girki da wanki, in ya yi barci ke ma ki kwanta. Ki ci tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, nama, hanta, kunun gyaɗa, ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki lokacin awo.

Wankan jego da ruwa mai ɗumi yana warware gajiya. Tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganye har fata ta saɓule, shi ne ban yarda da shi ba, balle ga wadda aka yi wa aiki ko ɗinki. Kunun kanwa kuma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana tayar da hawan jini. In kin ga ƙafa tana kumbura, kina haki in kin ɗan taka, ko ba kya iya kwanciya sai a jingine, kada a ce miki sanyi ne ya shige ki a ƙara wuta. A kai ki asibiti. Haka in jini ya ɓalle, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Kwana uku zuwa huɗu bayan haihuwa, mata da yawa sukan ji kuka yana zuwa ba dalili. Yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ba kya jin daɗin komai, ba kya barci ko yaro ya yi, kina jin ba kya son ganinsa ko kina tunanin cutar da kanki, ciwo ne mai magani, ba rashin godiyar Allah ba. Ki yi addu'a, ki kuma faɗa wa wanda kika amince da shi a kai ki wurin likita.

A zuwan mako shida ki yi maganar tazarar haihuwa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba.

Barci da kuka

Jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17, amma a gutsure, kuma bai san dare da rana ba sai wajen wata biyu zuwa uku. Ki kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tulin zannuwa kusa da fuska, cikin gidan sauro kowane dare. Da hunturu ki sa masa kaya da hula da safa, amma kada a shigo da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma janareta ya kwana kusa da taga. Hayaƙinsu ba a jin shigarsa, kashewa kawai yake yi.

Daga mako na biyu kuka yakan ƙaru, ya kai ƙololuwa wajen mako shida, galibi da magariba, ya lafa a wata uku zuwa huɗu. Ki duba yunwa, nafkin, zafi ko sanyi. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki shafa cikinsa a hankali, ki goya shi ki zagaya tsakar gida. Goyo ya fi duk wani ruwan maganin ciki da za a tallata miki. Sai dai ki tallafe wuyan da zane, ki tabbata hancinsa a buɗe yake, musamman in kin saki hijabi a kansa kina kan hanya. In kukan ya kai ki maƙura, ki miƙa shi ga wani, ko ki ajiye shi a shimfiɗa ki fita ki sha iska. Kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi, jijiyoyin kansa ba sa ɗauka.

Katin rigakafi

A Nijeriya, bayan na ranar haihuwa, za ku koma a mako 6, mako 10 da mako 14. A nan ake yin Penta, allura ɗaya mai kare cuta biyar, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora, da allurar ciwon huhu, da ta shan-inna, da ɗigon rota na gudawa wanda aka shigo da shi a 2022. A wata 6 ɗigon bitamin A. A wata 9 ƙyanda, zazzaɓin shawara da sanƙarau. A wata 15 ƙyanda ta biyu. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro an fara shi a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, ki tambaya ko ya iso wurinku. Da damina kuma, daga wata uku, ki karɓi maganin kariyar zazzaɓi da ake rabawa gida-gida duk wata, ki ba shi har na kwana ukun.

Bayan Penta jiki yakan yi ɗumi, cinya ta ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu. Wurin BCG zai yi ƙurji bayan wasu makonni, ya fashe ya bar tabo, kada a matse. Da yawa sukan yi ta farko, yaro ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a koma ba. Ku tuna mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023: yawancin yaran da ya kama ba su yi rigakafi ba ko ba su kammala ba. In rana ta wuce ku, ku je kawai, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. Kowane zuwa a ɗora shi a sikeli, ki kalli layin nauyinsa a kati. Hawa ake so. In ya kwanta wata biyu a jere, ki tambayi dalili.

Wata-wata

Wajen mako shida zuwa takwas zai kalle ki ya yi murmushi na gaske, ranar za ki manta da rashin barcin da kika yi. Wata uku zuwa huɗu wuya ya tsaya, ya fara gwaranci da dariya. Ki riƙa kifa shi a tabarma yana farke kina zaune kusa, hakan ke ƙarfafa wuya da kafaɗa. Wata huɗu zuwa shida zai fara juyi, daga nan kada a bar shi a bakin gado ko na ƙiftawar ido. Wajen wata biyar ya ninka nauyin haihuwarsa. Zama wata shida zuwa takwas, rarrafe bayan nan, wasu ma da gindi suke ja, wasu su tsallake shi.

Ki yi masa magana tun ranar farko. Kina wanka kina faɗa masa abin da kike yi, kina tankaɗe kina yi masa waƙa, in ya yi gwaranci ki amsa. Da haka harshe ke shiga, ba da wayar da aka jingina masa a gaba ba.

Kada ki auna shi da ɗan maƙwabta. Amma ki kai shi a duba in ya kai wata uku ba murmushi ko ba ya firgita da ƙara, in wata biyar wuya bai tsaya ba, in wata tara ba ya zama, ko in ya daina abin da ya riga ya iya. In gwajin jini ya nuna ke da mahaifinsa kuna da AS, wato kuna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, a gwada jininsa da wuri; sikila takan fara nuna kanta wajen wata shida da kumburin bayan hannu da ƙafa mai zafi.

Wata shida: cokali ya shigo

Yanzu nono kaɗai ba ya isa, amma ba a daina shi ba, har shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya ambata. Ki fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a rana, ki riƙa ƙarawa. Wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali. Tsararon koko ciki kawai yake cikawa. Ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, ki riƙa damawa. Ki ƙara ƙwai dafaffe, dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, hanta, garin zogale, kabewa, dankalin Hausa, ayaba, gwanda, ɗan manja. Ba sai kin sayi na gwangwani ba. Da kofi da cokali za ki ba shi, bulumboti wuyar wankewa gare shi. Kada a danne shi a toshe hanci a yi masa ɗura, kunu yakan wuce huhu. In ya tofar yau, ki sake gwadawa jibi. Yanzu ne zai fara shan ruwa, tafasasshe da aka bari ya huce.

Haƙori yakan fara wajen wannan lokaci, da dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Zazzaɓi mai zafi da gudawa ba haƙori ne ke kawo su ba. Sun haɗu ne da lokacin da yake kai komai baki, kariyar da ya samo daga ciki kuma tana raguwa. "Ai haƙori ne" ta sa an zauna da yara da yawa har suka galabaita. Magungunan haƙori kuma ki bar su a kanti. A 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin da aka gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Nijeriya. Ki goga masa dasashi da yatsa mai tsabta.

In gudawa ta zo, ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na maganin gudawa, ƙunshi ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko da ta tsaya, nono kuma kada ya yanke. In ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ya kasa sha, ko akwai jini a kashin, asibiti.

Ranar da ya fara rarrafe

Ki durƙusa ki kalli gidan daga inda idonsa yake. Kananzir a robar lemo, maganin ɓera a bayan buhu, ƙwayoyin kaka a kan tabarma, tsabar kuɗi, ƙwayar gyaɗa, wayar caji, duk a ɗauke sama. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi, bokiti da baho a kife, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Murhu da tukunyar ruwan zafi a kange su. In ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi asibiti da robar. In ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba. In zazzaɓi ya sa shi jijjiga, a kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, in ta lafa a ɗauke shi zuwa asibiti.

Wajen wata tara zuwa goma zai kama kujera ya miƙe, ya fara ƙyuya in baƙo ya miƙo hannu, ya ce "baba" da "dada" kowa yana cewa shi ake kira. Zuwa shekara ya kusan ninka nauyin haihuwarsa sau uku. Tafiya kuwa faɗi gare ta: wani tun wata tara, wani sai wata goma sha bakwai, duk lafiya, in ya kai wata 18 bai taka ba ne za a duba. Keken koyon tafiya mai tayoyi ba ya sa ya yi sauri, kifar da yara yake yi a bakin dakali da murhu. Ki share tsakar gida, ki cire masa takalmi, ki riƙe yatsunsa biyu kina ja da baya kina yi masa tatata, yayyensa suna tafi. In ya saki hannunki ya yi taku biyu ya zauna daɓas, kada ki yi salati da ƙarfi ki firgita shi. Ki yi dariya, ki sake miƙa masa hannu. Katin nan kuma kada ki jefa shi ƙasan akwati, akwai sauran allurar wata 15.